Kunnuwan Motar Saje Solomon

Saje Solomon ya ɗaga hannu ya shafa rufin motar daga ciki, tun daga wajen madubi har zuwa saman kujerar baya, bai ji ko tudu ɗaya ba. Leda ce ruwan ƙasa, an ja ta ta kwanta sumul. Kujeru ma haka, ƙofofi ma haka. Warin gam ya cika ko'ina.

"Oga Saje, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah," in ji Ambrose mai ɗinkin kujerun mota, yana tsaye da almakashi a aljihun gaba. "Duk Zuru wa zai yi maka wannan? Ko Kwantagora ka je."

"Ka yi aiki," in ji Saje.

Wanda ya san Saje ya san wannan yabo ne babba, don ba ya ƙara kalma a kan abin da ya wajaba. Ambrose ya washe baki, ya rufe masa ƙofa da kansa.

Motar 'yar Kwatano ce, Glory 'yar Saje da ke aikin jinya a Kaduna ta aiko musu da ita wata bakwai da suka wuce. A garin nan kuwa duk wanda ya yi mota, kafin ma ya gama nuna wa dangi, sai ya kai an lulluɓe cikinta da leda, saboda buhun dawa da jarkar manja da jikoki masu hannun maiƙo. Kowa haka yake yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Matarsa Margaret ta ce a bar motar yadda ta zo. Ya bari wata bakwai. Da abokan fansho suka ishe shi da cewa zai lalata kyautar 'ya, sai ya ce wa Margaret zai kai ta a canza mai, ya ajiye ta kwana biyu a wurin Ambrose.

Shekara ashirin da biyu Solomon ya yi a bayan igwa. Kunnen hagu ya tafi tun yana kofur. Na dama ya rage, amma in akwai wani gurnani a ƙarƙashin magana, ko na inji ko na fanka, maganar narkewa take yi kafin ta iso shi. Ita kuwa Margaret, shekara shida ke nan da aka yi mata aikin maƙoƙo. An cire kumburin lafiya, muryar ce ba ta dawo ba. Matar da a da ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata, yanzu raɗa kawai take yi. Gidansu kuma a bayan injin niƙa yake. In injin ya huta, janareton maƙwabci ya karɓa. Haka suka yi shekaru da nuni da hannu da ƙwanƙwasa kwano. Shi kuma ya koyi wani hali marar kyau: in ya ga leɓenta na motsi sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne."

Ranar da suka fara shiga motar nan, gilashi a rufe, esi na aiki, tana zaune a damansa, sai ya ji an ce, "A hankali, Baban Glory, akwai rami." Sarai, kamar an zuba masa a kunne. Saura kaɗan ya faɗa ramin. Tun daga ranar kowace Asabar sai sun tafi Dabai, garinsu Margaret, da dalili ko babu dalili. A kan wannan gajeriyar hanya ya ji abubuwan da suka taru shekara shida: wanda ya mutu ba a gaya masa ba, wanda ya yi aure, da yadda ba ta son kalar fentin da ya yi wa falo. Bai taɓa tambayar me ya sa motar take shiru haka ba. Ya ɗauka ƙofofin ne masu kauri.

Yau ma Asabar ce, kuma akwai taron mata a cocin Dabai. Margaret ta fito da gyalenta da littafin waƙa, ta buɗe ƙofa, ta tsaya. Ta shafa kujerar da yatsa ɗaya, ta shinshina, ta ɗaga kai ta dubi rufin, sannan ta dube shi. Bai ga alamar murna ba, amma ta shiga.

Cikin gari ba abin da ya faru. Sai da suka bar gidajen ƙarshe ya ɗan taka totur, sannan abin ya taso. Wani gurnani ne mai kauri, ba daga gaba ba, ba daga baya ba, daga ko'ina, kamar an kife masa turmi a ka ana buga gindinsa. Ya sassauta, ya ragu. Ya taka, ya dawo. Ya duba rediyo, a kashe take.

Ya ga leɓen Margaret na motsi. Ya karkata kunne, bai samu ko kalma ɗaya ba.

"Haka ne," in ji shi.

Ta taɓa hannunsa, ta sake faɗa, a hankali, tana kallonsa.

"Haka ne, Maman Glory."

Ta janye hannunta. Ta juya ta fuskanci gilashi, tana kallon duwatsu da gonakin da aka share ana jiran ruwa, ba ta sake juyowa ba. Wata bakwai rabonsa da faɗin kalmar nan, kuma ta gane ta tun kafin ya rufe baki.

A ƙofar coci ta sauka. Ta ɗaga yatsu huɗu, wato ƙarfe huɗu, ta shige cikin mata. Yatsun nan sun fi gurnanin damunsa. Da su suke magana a gida. Ba a taɓa kawo su cikin mota ba.

Ya juya kai tsaye zuwa garejin Ebenezer, makaniken da ya riƙe masa tsohuwar akori-kurarsa har ta mutu. Ebenezer ya shiga ƙarƙashi ya bubbuga salansa, ya ɗaga tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya juya su yana sauraron boris, ya buɗe gaba ya kasa kunne.

"Baba, injin nan ya fi ni lafiya."

"To ni ne ba ni da lafiya?"

"Ban ce ba. Shiga ka taka mu ji."

Suka shiga su biyu, mota na tsaye, Saje ya taka. Gurnanin ya cika motar har Ebenezer ya yamutsa fuska. Ya buɗe ƙofa zai fita ya saurara daga waje, sai abin ya ɗauke ɗif. Ya rufe, bayan ɗan lokaci ya dawo. Ya buɗe, ya ɗauke. Sau uku yana yi.

"To ga magani," in ji Ebenezer. "Ka riƙa tuƙi ƙofa a buɗe. Mama ta riƙe ta da igiya."

Saje ya dube shi irin kallon da yake yi wa sabbin kurata. Ebenezer ya haɗiye dariyarsa.

"Gaskiya, Baba, ƙarar da ta san an buɗe ƙofa ba ta ƙarfe ba ce. Ta waya ce. Je ka wurin Prosper."

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa rumfar Prosper, mai gyaran wutar mota a bayan tasha. Mutum ne siriri mai tabarau, ba ya gaggawa, kuma ba ya magana sai ya gama cin abin da ke gabansa. Saje ya tsaya ya jira shi ya gama da kwanon shinkafa. Sannan Prosper ya wanke hannu, ya shiga, ya ce a taka. Da gurnanin ya taso sai ya ɗora tafinsa a jikin ƙofa, wajen da lasifika take.

"Kawo hannunka, Baba."

Saje ya ɗora. Ƙofar na rawa a ƙarƙashin tafinsa.

"Rediyo a kashe take," in ji shi.

"Ba rediyo ba ce. Motar ce ke magana." Prosper ya ɗaga kai ya bi rufin da ido, gaba da baya. "Yaushe aka sa ledar nan?"

"Yau na karɓo."

"Ambrose?"

"Shi."

Prosper ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Kafin a sa, ba ka taɓa lura da wasu 'yan ramuka a sama ba? Masu raga, kamar bakin kwalba. Ɗaya a gaba, biyu a baya, ko makamancin haka."

Saje ya tuna. Ya sha ganinsu, ya ɗauka ado ne.

"Kunnuwan motar ke nan," in ji Prosper. "Irin waɗannan motoci suna sauraron gurnanin injinsu da kansu. In sun ji, akwai ɗan akwati da ke haɗa wata ƙara daidai da waccan amma a juye, ya turo ta ta lasifika. Waccan ta tura iska gaba, wannan ta ja ta baya, sai su kashe juna kafin su kai kunnenka. Shirun da kake ji a ciki, ba shiru ba ne na banza, aiki ake yi."

"Ƙara ta kashe ƙara."

"Haka. Yanzu an toshe mata kunne. Tana ji sama-sama, ba ta san abin da ta ji ba, amma ba ta fasa ba da amsa ba. Shi ne wannan haukan."

Saje ya dubi sitiyari na ɗan lokaci, ya shafa gemunsa.

"Gyaran ba wuya," Prosper ya ci gaba. "Na cire wa akwatin waya, ya yi shiru, ledarka na nan ba a taɓa ba. Kowa haka yake zaɓa. Mota ta koma kamar kowace mota."

"Cire mu gani."

Prosper ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya zura hannu, minti biyar ya fito. Suka hau titi. Haukan ya tafi, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin komai akwai wani ɗan ruri na inji, siriri, wanda mai lafiyar kunne ba zai ko kula da shi ba.

"Ka ji? Lafiya lau," in ji Prosper.

"Yi mini raɗa."

"Na'am?"

"Raɗa. Faɗi wani abu a hankali, kamar kana gulmar wani a coci."

Prosper ya dube shi ta saman tabarau, ya ga ba wasa a fuskar. Ya gyara zama, ya motsa baki. Saje ya karkata kunnen dama har motar ta soma bin gefen titi.

"Me ka ce?"

"Cewa na yi kana bin gefe, Baba."

Saje ya gyara sitiyari, ya sami wuri ya juya. "Za ka mayar da wayar nan. Mu je wurin Ambrose."

Biyu da rabi ta wuce lokacin da suka tsaya a gaban shagon. Ambrose ya fito da fara'a, yana tsammanin an kawo masa sabon mai ciniki. Da Prosper ya tambaye shi ramukan sai ya buga ƙirji.

"Na gan su mana. Uku ne. Na ce wane irin aiki ne wannan, mota mai kyau a bar mata rami kyankyaso ya shiga? Na cika su da gam, na ɗora soso, na ja leda a kai. Ko da fitila ba za ka gane wurin ba."

"Shi ne matsalar," in ji Prosper, ya yi masa bayani a gajarce.

Ambrose ya saurara baki buɗe. "Kunne? A rufi? To me ya sa ba su rubuta ba?"

"Sun rubuta. A littafin da ya ɓace tun a Kwatano."

"Oga Saje, ka ji ni. Kawo ta ranar Litinin. In sauke ledar gaba ɗaya, in auna, in huda da ƙarfe mai zagaye, in yi masa baki mai kyau. Ba wanda zai san an taɓa."

"Ƙarfe huɗu zan ɗauko matata a Dabai."

"To ka ɗauko ta mana. Prosper ya cire waya, ba ƙara. Kwana biyu ne kawai."

Kwana biyu ba komai ba ne, kuma Ambrose ya fi shi gaskiya a lissafi. Amma Saje ya ga yatsun nan huɗu. Ya san Margaret. Shekara biyar ya yi yana golmo a gonar mahaifinta, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, kuma tun a lokacin ya san in ta rufe baki a kan abu, buɗewar ba ta kwana biyu ba ce. In ta sake shiga motar nan yau ta yi magana bai ji ba, ba za ta ƙara gwadawa ba.

"Yanka yanzu," in ji shi.

"Haba Oga. Aikin kwana biyu. Hannuna ba zai iya ba."

Saje ya miƙa hannu kan teburin shagon ya ɗauki reza. Ya shiga mota, ya lalubi rufin da yatsa a saman madubi, inda yake tsammani, ya soka ya ja. Ledar ta tsage a karkace, tsawon ɗan yatsa, soso ya leƙo. Ba ramin a wurin. Ya matsa gefe ya sake ja.

Ambrose ya riƙe kai da hannu biyu. "Oga, akuya kake feɗewa? Ba ni. Ba ni, don Allah. Fito."

Ya karɓe rezar, ya shiga yana gunaguni da harshensu. Ya danna rufin da babban yatsa sau biyu, ya sami wurin, ɗan nesa kaɗan da ɓarnar Saje, ya haɗe su ya zama rami ɗaya mai faɗi marar fasali. Na baya biyun kuwa ya zagaye su tsaf kamar da kwabo aka auna. Sannan Prosper ya karɓa, da allura da ɗan tsumma, yana tsince busasshen gam daga ragar ƙwaya-ƙwaya. Biyu suka fita da sauƙi. Na gaban ya sha gam sosai.

"Wannan kamar gaba kake da shi," in ji Prosper.

"Ni ba na aikin rabi," in ji Ambrose.

Saje na tsaye a rana, ya ƙi zama a bencin da aka ba shi, yana duban agogo. Uku da kwata. Uku da rabi. Prosper ya hura ragar, ya haska da wayarsa, ya sake tsincewa. Da ya gamsu sai ya kwanta ya mayar wa akwatin wayarsa.

"Ban yi alkawari ba, Baba. In gam ya shiga ciki, sai an nemo sabo daga Kaduna."

Aka rufe ƙofofi, Saje ya tayar, ya taka. Ba gurnani. Ya ƙara takawa. Ya ga allurar mitar injin na hawa, amma a kunnensa injin ya koma can nesa, kamar a gidan wani.

"Bari in yi maka raɗar," in ji Ambrose daga baya, don Prosper ya ba shi labarin gwajin ɗazu, ya sunkuyo ya ce, "Oga Saje, ka ɓata mini aiki," da muryar da mai shago na uku zai ji.

"Kai ba ka iya raɗa ba," in ji Prosper. "Tun da aka haife ka."

Ba lokacin sake gwaji. Ya sauke su ya kama hanya.

Huɗu ta ɗan gota da ya isa. Mata na fitowa rukuni-rukuni da kayansu iri ɗaya. Margaret ta yi sallama da 'yar'uwarta, ta zo ta shiga, ta ɗora littafin waƙar a cinya, ta fuskanci gilashi kamar yadda ta sauka. Ya ja mota. Suka wuce makaranta, suka wuce masu sayar da mangwaro a bakin hanya. Motar shiru, ita ma shiru. Bai san ko gyaran ya yi ba, kuma ba yadda zai sani sai ta buɗe baki.

Sun yi rabin hanya ya yi gyaran murya.

"Maman Glory. Da safe ban ji abin da kika ce ba. Ko ɗaya. Na ce haka ne, ƙarya na yi."

Ba ta juyo ba. Amma ya ga ta ɗaga ido sama. Ta dubi ramukan baya ta madubi, masu kyau, sannan ta tsayar da ido a kan na gaba, mai baki a yage da soso a waje. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wa ya yanka wannan?"

Ya ji. Kowace kalma, har da ɗan kaushin da ke ƙarshen muryarta. Ya riƙe sitiyari da kyau.

"Ni ne."

"Na sani," in ji ta. "Haka kake yanka kabewa."

Ta gyara gyale, ta juyo da jikinta wajensa kaɗan. Ta ce ledar wari take yi, kuma ta faɗa tun farko a bar motar yadda take. Ya ce ta faɗa. Ta ce gwiwar 'yar'uwarta ta sake kumbura, ta ƙi zuwa asibiti, sai shafe-shafe. Ta ce Leah, wadda ta karɓi ba da waƙa a bayanta, ta ɗauko waƙar farko da sama sosai har mata suka kasa bi, sai da aka sake. Ta ɗan yi dariya marar sauti. Ta ce an yi ruwa a wajen Kanya shekaranjiya, ya kamata a fito da irin dawa a duba kafin ya sauko nan.

Suka shiga gari. Daga nesa ya hango kwanar gidansu, da layin mata da kwanoni a gaban injin niƙa. Bai sa sigina ba. Ya wuce a hankali, ya miƙe titi.

Margaret ta katse labarinta, ta waiga.

"Baban Glory, ka wuce gida."

"Na ji," in ji shi. "Ina muka tsaya? Irin dawa."